Daga ƙasa, a kan igiya, ko da jirgi maras matuƙi: wace hanya ta fi dacewa da ɗaukar hoton masu hawan dutse a hamada?

Wani ƙanena a sana'a, wanda ya shekara shida yana ɗaukar hoton biki da suna a unguwannin Nima da Mamobi da Madina na Akra, ya same ni a shago bayan sallar la'asar da 'yar takardar lissafi a hannunsa. Wasu masu hawan dutse da ya saba bi zuwa duwatsun Shai Hills, kusa da Akra, ranakun Asabar sun gayyace shi ya raka su Wadi Rum, a kudancin Jodan, domin ya ɗauki hotunansu. Ya ce mini, "Yaya, abin da na tara ba zai sayi kaya uku ba. Dogon gilashin kyamara mai jawo nesa zan saya, ko kayan igiya, ko jirgin nan maras matuƙi?" Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, domin kowane ɗaya daga cikin kayan nan uku yana yanke wa mai hoto wurin da zai tsaya, kuma a wannan fanni wurin tsayuwa ya fi kyamara tasiri a kan hoton da za a samu.

Sai an san irin dutsen kafin a yi maganar kaya. Dutsen da ake hawa a Wadi Rum na yashi ne, wato rairayi da ya danne juna ya daskare cikin miliyoyin shekaru, yana da launin ja da ruwan goro mai ɗaukar ido, kuma bai kai giranit tauri ba. A Wadi Rum, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, ƙololuwar Jabal Rum ta kai mita 1,734 daga gaɓar teku, kuma bangayensa suna miƙewa ɗaruruwan mitoci daga rairayin kwari. A jihar Utah ta Amurka akwai Indian Creek mai dogayen tsage miƙaƙƙu kamar an ja su da wuƙa, inda aka fara hawan tsagen Supercrack a 1976, akwai kuma kwazazzabon Zion, inda shahararren mai hawan dutse Alex Honnold ya hau bangon Moonlight Buttress babu igiya a 2008. A nahiyarmu akwai dutsen da ake kira Hannun Fatima kusa da Hombori a Mali, wanda rashin tsaro ya hana baƙi zuwa shekaru da yawa, da kuma tsaunukan Ennedi a Chadi. Yawancin waɗannan wurare sun yi tarayya a halaye uku: dutsen yana ɓarewa, bakinsa yana cin igiya kamar zarto, ƙurarsa kuma tana shiga duk inda iska ta shiga.

Ma'aunan da na ba shi

Na farko shi ne irin hoton da hanyar take bayarwa, wato ko ana ganin fuskar mai hawa da hannunsa da zurfin da ke ƙarƙashinsa, ko kuwa bayansa kawai. Na biyu kuɗi, kuma na lissafa da dala domin kayan duka daga waje suke zuwa, farashinsu a sidi kuma yana bin canjin ranar da kuɗin fito. Na uku ƙarko a cikin rairayi da zafi. Na huɗu sauƙi, wanda ya haɗa da lokacin koyo da nauyin da za a ɗauka, tunda jakar da jirgi yake amincewa da ita yawanci kilo 23 ce. Na biyar haɗari, kuma a nan ba ran mai hoto kaɗai ake dubawa ba, har da na wanda yake maƙale a bango. Na shida doka. A ganina na farko da na biyar sun rinjayi sauran, amma na shida shi ne yake iya soke tafiya tun daga filin jirgi.

Dogon gilashi, daga ƙasa ko daga tsallaken kwari

Wannan ita ce hanyar da mai hoton biki zai fi saurin ganewa, domin ƙafarsa tana ƙasa kuma kyamarar da ya saba da ita ce a hannunsa. Gilashi mai tsawon milimita 70 zuwa 200 yana isa idan mai hawa bai wuce tsayin igiya ɗaya ba, amma a bangon da ya kai ɗaruruwan mitoci sai an nemi mai kaiwa 400 ko 600. Gilashin Sigma mai 150 zuwa 600, ƙirar Contemporary, yana kusan dala 1,000 sabo kuma nauyinsa ya kusa kilo 2. Mai 70 zuwa 200 na manyan kamfanoni, wanda yake buɗewa har f/2.8 domin shigar da haske mai yawa, ya haura dala 2,000, sai dai a hasken hamada ba dole ba ne, mai f/4 yana yin aikin kuma ya fi sauƙin ɗauka. Ana samun na hannu masu kyau a Akra, kuma wannan ne kaɗai daga cikin kayan uku da zan yarda mutum ya sayi na hannu hankalinsa kwance, tunda lahaninsa yana bayyana da zarar an haska tocila a cikinsa an gwada shi a kan kyamara.

Aibin hanyar sananne ne ga duk wanda ya taɓa gwadawa. Wanda ya tsaya a gindin bango ya ɗaga kyamara sama ba zai samu komai ba sai tafin takalmi da mazaunin mutum, bangon kuma ya gajarce a hoto har ya zama kamar katangar gida. Maganin wannan yana ƙafa, wato a ja da baya, a hau tudun da ke fuskantar bangon, ko a tsallaka kwarin a nemi wani dandamali da ya yi daidai da tsayin mai hawa. Daga nan ne ake samun hoton da mutum yake ɗan ɗigo a tsakiyar jan bango, wanda shi ne yake nuna girman wurin fiye da kowane irin hoto. Wadi Rum ya dace da wannan sosai, domin duwatsun a tsaitsaye suke suna kallon juna, kuma jagororin Badawiyyai sun san hanyoyin da ake bi a ƙafa zuwa dandamali masu tsayi.

Akwai abin da kuɗi ba ya gyarawa, shi ne rawar iska. Idan rana ta ɗaga rairayi ya yi zafi, iskar da ke tsakanin kyamara da bango tana rawa, kuma dogon gilashi yana ƙara girman rawar har hoton ya fito kamar an ɗauke shi ta cikin ruwa. Saboda haka aikin na sassafe ne da na yamma. Mafi kyawun haske kuwa, a ganina, shi ne lokacin da mai hawa yake cikin inuwa amma rana tana dukan bangon da ke fuskantarsa, hasken ya dawo masa ja mai laushi. Ana bukatar matokarar kyamara mai ƙafa uku mai ƙarfi da saurin ɗauka da bai gaza 1/500 na daƙiƙa ba, gara ma ya kai 1/1000 idan an miƙe gilashin har ƙarshe.

Game da ƙarko, gilashin da yake tsawo da gajarta idan ana juya shi yana zuƙar iska kamar zuga-zugin maƙeri, ƙura kuma tana bin iskar. Na koyi wannan a wani ɗaurin aure a Tamale cikin hunturu, inda na sauya gilashi sau biyu a fili iska tana kaɗawa. Da na dawo Akra na buɗe hotunan a kwamfuta, sai na ga baƙaƙen ɗigo bakwai a wuri ɗaya a cikin kowane hoto da sama ta fito, ɗaya ma daidai saman rawanin limamin, kuma kwana biyu na yi ina goge su ɗaya bayan ɗaya. Hamadar Jodan ta fi hunturun Tamale rairayi. Dokar ita ce kada a cire gilashi a fili, a shiga mota ko tanti, a kifa bakin kyamara ƙasa, a riƙe ɗan famfon hura iska a aljihu. Idan an kiyaye haka, gilashi yana shekara goma yana aiki kuma ana iya sayar da shi da daraja. Haɗarin hanyar kaɗan ne amma ba babu ba: duwatsu suna faɗowa a gindin bango, don haka hular kwano wajibi ce ga wanda ya matso, kuma ƙuntataccen kwari yana cika da ambaliya cikin mintuna ko da ruwan ya sauka ne a nesa.

Rataye a kan igiya

Hotunan hawan dutse da suke sa mutum ya riƙe numfashi, waɗanda ake ganin yatsun mai hawa cike da farar hoda a cikin tsage, da idonsa yana neman maƙama ta gaba, da ƙasa can nesa a bayansa, kusan dukkansu daga kan igiya aka ɗauke su. Haka mai hoto Jimmy Chin, wanda yake cikin tawagar da ta je Ennedi a 2010, ya yi suna. Mai hoto yana ɗaure igiyarsa a sama, ya sauko ko ya hau ta har ya zo sama da mai hawa kaɗan kuma a gefensa, sannan ya jingina baya ya nisanta jikinsa daga bangon. Gilashi mai faɗi ake amfani da shi, kamar 16 zuwa 35 ko 24 zuwa 70, wanda mai hoton biki yake da shi tun tuni, don haka kuɗin duka a kayan hawa suke tafiya.

Kayan su ne igiya marar talewa mai kaurin milimita 10 zuwa 11, ɗamarar ƙugu mai faɗi, hular kwano, maƙalan hawa igiya guda biyu da aka fi sani da jumar tare da matakalar ƙafa, na'urar sauka irin GriGri, ƙugiyoyi masu kulle, da rigunan da ake sanya wa igiya inda ta gogi dutse. A lissafina sabbi za su ci tsakanin dala 600 da 1,000, wato ƙasa da dogon gilashi mai kyau. Amma wannan arahar tana yaudara. Ba a sayen igiya ko ɗamara ta hannu, domin ba wanda ya san rana da sinadarin da suka sha, kuma ido ba ya ganin lalacewar zaren ciki. Kamfanin Petzl ya ƙayyade shekara goma a matsayin iyakar rayuwar kayansa na zare ko da ba a yi amfani da su ba, a dutsen yashi kuwa igiya tana iya ƙarewa a tafiya ɗaya. Duk motsin da mai hoto ya yi yana hawa, igiyar tana gogar bakin dutse a wuri guda, rairayi kuma yana shiga saƙarta yana cin ta daga ciki. Ga nauyi: mita 100 na irin wannan igiya ya kai kusan kilo 7, kafin a ƙara ƙarafa.

Babban farashin lokaci ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda bai iya sauyawa daga hawa zuwa sauka yana rataye ba tare da tunani ba, bai kamata ya ƙara kyamara a kan aikinsa ba. Ranar da na fara gwadawa, a wani bango da bai wuce mita ashirin ba tare da wani mai koyarwa, minti ashirin kawai na yi ƙafafuna suka mutu saboda ɗamarar ta matse cinyoyina. Na sa hannu zan gyara zama sai murfin gilashi ya suɓuce, na bi shi da ido yana juyawa har ya bugi dutse kusa da ƙafar wanda yake riƙe igiyar mai hawa. Mutumin bai ce komai ba, ya ɗaga kai ya dube ni kawai. Da batir ne ko gilashi, da wani labarin ake yi. Tun daga ranar komai nawa yana ɗaure da zare, kuma ina ɗaukar ɗan katakon zama da ake rataya a igiya.

A nan haɗarin ya fi ko'ina girma, kuma rabinsa a kan wasu yake. Mai hoto yana sama da mai hawa, saboda haka duk tsakuwar da ƙafarsa ko igiyarsa ta ɓanɓaro a kan mutum za ta sauka, dutsen yashi kuwa ba ya rowar tsakuwa. Dole mai hoto ya kasance a maƙale ta wuri biyu a kowane lokaci, da ƙulli a ƙarshen igiya. Idan aka yi ruwa, dutsen yana tsotsar ruwan ya yi rauni ƙwarai, shi ya sa a Utah da Nevada masu hawa suke jira kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, har ƙasar gindin bangon ta bushe. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: igiyar ba ta kai kanta sama. Sai wani ya hau ya ɗaure ta, kuma a dogayen hanyoyin Wadi Rum wannan yana nufin cin lokaci da ƙarfin tawagar da ta zo hawa, ba hidimar mai hoto ba.

Jirgi maras matuƙi

Ƙanen nawa a nan zuciyarsa ta fi karkata, kuma na gane dalili, tunda ya ga yadda amare suke son hoton sama. DJI Mini 4 Pro ya fito a 2023 a kan dala 759, nauyinsa bai kai giram 249 ba, kuma idan an haɗa da ƙarin batir ya kai kusan dala 1,100. Yana kai kyamara inda igiya ba ta kaiwa, wato fili a gaban bango, kuma koyon tuƙa shi kwanaki ne. Kamfanin ya ce batir ɗaya yana minti 34, amma wanda yake jiran mai hawa ya iso wuri mai wahala zai ga cewa wannan ba komai ba ne, domin hawan tsayin igiya ɗaya yana iya cin awa guda.

Kwazazzabo wuri ne da bai dace da shi ba. Bangaye suna tare siginar tauraron ɗan'adam, jirgin ya fara zamewa, kuma idan ya rabu da rimot umarninsa na komawa gida yana iya kai shi ga bango. Iskar da yake jurewa ba ta wuce mita 10.7 a daƙiƙa ba, zafin da aka ƙera shi don shi kuma digiri 40 ne. Farfelarsa tana tayar da rairayi ya shiga injin da maƙalar kyamara, sai dai a tashe shi daga kan shimfiɗa. Kyamararsa ƙarama ce, tana wahala inda rabin bango yake rana rabi yake inuwa. Ƙararsa kuma tana hana mai hawa jin abokinsa a lokacin da kalma ɗaya take raba lafiya da faɗuwa, saboda haka ba a tashe shi sai da yardar duk wanda yake bangon.

Doka ce ta kashe maganar. Jodan ba ta barin baƙo ya shiga da irin wannan jirgi sai da izinin da aka nema tun kafin tafiya, kuma ana riƙe wanda aka zo da shi babu takarda a filin jirgi. Moroko ma haka take. Amurka ta haramta tashinsa a gandayen ƙasa tun 2014, wanda ya haɗa da Zion, inda har hawan wasu bangaye ake rufewa daga watan Maris saboda shaho yana sheƙa. A nan Ghana ma hukumar kula da jiragen sama tana bukatar rajista.

| Ma'auni | Dogon gilashi | Igiya | Jirgi maras matuƙi |
|---|---|---|---|
| Hoto | Girman wuri, mutum ƙarami | Fuska, hannu da zurfi | Kallo daga fili, bidiyo |
| Kuɗi | Dala 1,000 zuwa sama da 2,000 | Dala 600 zuwa 1,000, ban da koyo | Dala 759 zuwa 1,100 |
| Ƙarko | Shekaru, idan an tsare ƙura | Igiya tana saurin ci | Karo ɗaya da bango ya isa ya lalata shi |
| Koyo | Makonni | Watanni | Kwanaki |
| Haɗari | Kaɗan | Babba, ga kai da wasu | Ga mai hawa da jirgin |
| Doka | Babu matsala yawanci | Dokokin wurin hawa | Izini ko haramci |

Wace ta dace da wa

Wanda zai yi tafiyarsa ta farko, bai taɓa rataya a igiya ba, kuma yana son abin da ya saya ya ci gaba da kawo kuɗi bayan ya dawo, dogon gilashi ne nasa. Gilashin da ya ɗauki mai hawa a Wadi Rum shi ne zai ɗauki mahaya dawaki ranar Sallah da 'yan ƙwallo a fili, kuma mai 70 zuwa 200 ba ya zaman banza a wurin biki. Wanda yake hawan dutse tun da, ko yake da wata shida a gabansa da malamin da ya amince da shi, kuma burinsa ya sayar wa mujallu da kamfanonin kayan hawa, igiya ce za ta ba shi hoton da suke biya. Jirgin ya dace da mai bidiyo da yake aiki da tawaga mai takardun izini, a fili mai faɗi irin na Ennedi, kuma a matsayin ƙari a kan kyamara ta ainihi.

Lokacin tafiya ma yana shiga lissafi. A Wadi Rum da Utah ana hawa ne a Maris da Afrilu, sai kuma Oktoba da Nuwamba, kuma tafiyar ƙanen nawa ta Oktoba ce, saura masa wata uku da biki kusan kowane mako. Na ce masa wata uku irin wannan ba za su ishe shi igiya ba. Ya sayi gilashi mai 100 zuwa 400 na hannu, da hular kwano sabuwa, ya rubuta wa tawagar cewa su nema masa jagoran da ya san dandamalin da ke fuskantar hanyoyin da za su hau. Abin da ya rage na kuɗin ya ware shi don darasin igiya bayan ya dawo. Kafin tafiyar kuma ya sa ranar da zai hau mota zuwa Nkawkaw, inda bangon Kwahu, wanda shi ma dutsen yashi ne, yake fuskantar hanyar Kumasi, domin ya gwada da ƙarfe nawa iska take fara rawa a cikin gilashinsa.